Zaɓen Launin Kwanon Rufi a Sabon Gida

Zuwa ga hakimai da malamansu.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana muku abin da ya kamata mai gini ya duba in zai zaɓi launin kwanon rufi, domin ku kuma ku bayyana wa jama'ar gundumominku. A da kwano iri ɗaya aka sani, watau mai ƙyalli wanda ba a shafa masa fenti ba. Yanzu kuwa akwai ja, da shuɗi, da kore, da ruwan ƙasa, har da baƙi. Galibin masu gini sukan ɗauki wanda ya yi wa ido kyau, ko wanda suka gani a gidan wani attajiri. Alhali kuwa launi yana da hannu a zafin ɗaki da daɗewar rufi, kuma ba a sake rufi kamar yadda ake sake riga. Tun ran gini ran zane.

Yadda Launi Ke Jawo Zafi

Kowa ya san wanda ya sa baƙar riga a rana ya fi mai farar riga jin zafi. Haka abin yake ga kwano. Hasken rana in ya sauka bisa abu, wani kashi yakan koma sama, saura kuwa abin ya shanye ya zama zafi. Sabon kwano mai farin fenti yana mayar da fiye da rabin hasken, amma baƙi ƙirin ba ya mayar da ko kashi ɗaya cikin 10. Saboda haka da tsakar rana kwano mai duhu yakan kai digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, ko ya zarce, fari kuwa ya kasa shi da digiri 20 ko fiye.

Rufin soro na azara da ƙasa yana da kauri, zafi yakan daɗe bai ratsa shi ba. Kwano kuwa kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, don haka da ya yi zafi sai ya juye shi cikin ɗaki nan da nan. A Sakkwato da Maiduguri da Kano, inda zafin bazara kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga jarirai da tsofaffi da marasa lafiya. Shi ya sa a 2017 hukumar birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya ta shiga shafa farin fenti bisa rufin gidajen talakawa don rage musu zafi.

Kada kuma a ɗauka kwano mai ƙyalli daidai yake da mai farin fenti. Yana mayar da haske sa'ad da yake sabo, amma ba ya sakin zafin da ya sha da sauri, kuma in ya shekara ƙyallinsa yakan dushe.

Daɗewar Rufi

Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, ya takure in ya huce. Fallen alminiyam mai tsawon mita 6 yakan ƙaru da kamar milimita 5 in zafinsa ya hau da digiri 40. Wannan motsi na kullum shi ke faɗaɗa ramin ƙusa, har ta yi sako-sako, ruwa ya sami hanya da damina. Kwano mai duhu ya fi yin zafi, don haka ya fi motsi. Har wa yau, rana tana cin fenti, kuma koɗewa ta fi fitowa fili a ja da shuɗi masu duhu.

Abin Da Masu Son Duhu Ke Cewa

Waɗansu sukan ce fari ba ya jure ƙurar hunturu. Gaskiya ne ƙura tana rage masa haske, amma ruwan damina yakan wanke mafi yawanta, kuma farin da ya yi ƙura ya fi baƙi sanyi. Wanda ba ya son fari fat sai ya nemi ruwan madara, ko ruwan toka mai haske, ko ruwan ƙasa mai haske, gama waɗannan suna ɓoye ƙura. Waɗansu kuma sukan ce mai duhu zai ɗumama ɗaki da sanyi. Sanyin hunturu da dare da asuba yake cizo, kwano kuwa da rana ta faɗi yakan huce, ko wane irin launi ne.

Abubuwan Da Za A Gaya Wa Mai Gini

1. Ya karɓi gutsuren kwano biyu ko uku a wurin mai sayarwa, ya shimfiɗa su a rana tun da hantsi. Da azahar ya kusantar da bayan hannunsa gare su a hankali, zai ji bambanci da kansa.

2. Ya tambayi kaurin kwanon kafin launinsa. Na alminiyam akan sayar da mai milimita 0.45 da mai 0.55, kuma mai kauri ya fi jure iskar farkon damina.

3. Ya sayi abin da zai ishe shi a lokaci ɗaya, domin bandir ɗin da aka ƙaro daga baya launinsa kan ɗan saɓa.

4. Ya sa sili, ya kuma bar kafofin iska tsakanin sili da kwano. Launi shi kaɗai ba ya raba ɗaki da zafi.

5. Ya tuna da maƙwabci. In akwai bene kusa, rufi mai ƙyalli yakan haske idon na sama, don haka fenti mara sheƙi ya fi.

Roƙo Ga Hakimai

Jama'a da ku suke koyi. In za a rufa makaranta, ko ɗakin shan magani, ko rumfar kasuwa, ko ofishin hakimi, lalle a yi maganar launi tun kafin a ba ɗan kwangila kuɗi, malami kuma ya rubuta launin da kaurin a takardar yarjejeniya. Yaran da za su zauna cikin ajin nan da tsakar rana a watan Afrilu ba za a yi shawara da su ba, ku ne wakilansu. Allah ya taimake ku.