"Wealth": kalmar Ingilishi da ta faro da lafiya, ta ƙare a kuɗi

Ɗan Nijar da ke ci-rani a Legas ko Akra ya saba ganin ta a allunan talla, da cikin saƙonnin WhatsApp masu cewa ka zuba jaka goma yau, ka kwashi ashirin ƙarshen wata. Kalmar ita ce "wealth". Mu da muka yi lakwal da Faransanci, da an ce a fassara sai mu ce tarin dukiya, shi ke nan.

Amma ba a nan ta faro ba. A ƙarni na 13 ta bayyana a rubutun Ingila, daga tsohuwar kalma "weal", wato zaman lafiya da jin daɗi. An ƙara mata "th" a wutsiya, harufan nan da ke ba harshen Bahaushe wahala, sai ta yi kama da "health", lafiyar jiki. A lokacin ma'ana biyu take ɗauke da su: abin hannu da kwanciyar rai. Ta biyun ce ta yi ta dusashewa. Ko da Adam Smith ya fitar da littafinsa kan dukiyar al'ummai a 1776, magana ta koma kan aiki da kasuwa da abin da ƙasa ke samarwa.

Ragowar tsohuwar ma'anar na nan cikin "Commonwealth", sunan ƙungiyar ƙasashe renon Ingila da Togo da Gabon suka shiga a 2022. Asalinsa amfanin jama'a baki ɗaya ne, ba asusun da ake rabawa ba.

A nan Hausa ta fi riƙon amana. "Arziki", da muka aro daga "rizƙ" na Larabci, har yau yana tafiya da ƙafa biyu. Mai arziki yana da kuɗi, amma ɗan arziki ko dala babu a aljihunsa sunansa ɗan arziki, kuma in an ce an rabu da arziki, ba a nufin an raba riba.

Masu tallar kuɗin sauƙi kuwa rabi ɗaya kaɗai suke sayarwa, shi ma sau da yawa babu shi. Haka MMM ta yi wa jama'a alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata a Najeriya, kafin ta rufe asusun mutane a watan Disamban 2016, ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara.