Ƙasar da Maza Ke Alfahari da Ɗaura Zane

Kowace shekara, ran Asabar ta farkon watan Satumba, ƙauyen Braemar da ke tsaunukan Sikotilan kan cika maƙil da maza sanye da kilt, wato zanen ulu mai tattara wanda ke tsayawa iyakar gwiwa. Na ƙwarai yakan ci yadi 8, launukan saƙarsa kuwa kan nuna dangin mai shi. Ga mabusa, ga ƙarfafa masu jifa da gungume.

Wannan tufa ta ga tasku. A 1746, bayan yaƙin Culloden, gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mutanen tsaunukan sanya ta, wanda aka kama kuwa ɗaurin wata 6. Sai a 1782 aka soke dokar. A 1848 Sarauniya Biktoriya da kanta ta halarci bikin Braemar. Abin da aka hana kakanni, da shi jikoki ke ado gaban sarki.