Bindiga Mai Famfo Da Farautar Zabi: Wanne Ya Dace Da Dajinmu?

Duk shekara, da zarar hunturu ya sauko, ciyawa ta bushe, aka gama kwashe amfanin gona, sai hirar majalisa a Kpébié da Zongo ta koma kan farauta. Haka abin yake a Djougou. Dattawa na tuna zamanin da ake fita bayan gari kaɗan a dawo da zabin daji, samari kuwa sai su zaro wayoyinsu suna nuna wa juna hotunan maharban Amurka sanye da tufafi masu launin ganye, kowanne rungume da bindiga mai famfo, ga ƙaton talotalo kwance a gabansa. Daga nan sai gardama ta tashi. Wasu su ce wannan ita ce bindigar da ta dace da namiji, wasu su ce tsohuwar mai baki ɗaya ta ishi kowa. Tun da yake magana ce ta kuɗi masu yawa, kuma magana ce ta doka da ta rai, mun ga ya kamata mu baje ta a faifai kafin wani ya sayar da babur ɗinsa ya sayo abin da zai zame masa kaya.

Da farko dai, babu talotalon daji a ƙasar Borgu, babu shi a Afirka baki ɗaya. Asalinsa tsuntsun Amurka ta Arewa ne, wanda muke kiwo a gidajenmu kuwa jikansa ne da Turawa suka yaɗa a duniya. Wani abin dariya ma shi ne, sa'ad da talotalo ya fara isa Turai sai suka riƙa rikita shi da zabuwarmu, har masanan da ke raɗa wa halittu suna suka ba shi sunan Meleagris, wanda a harshen Girka sunan zabuwa ne. To amma a daji halinsu ya sha bamban, kuma daga halin tsuntsu ake gane bindigar da ta dace da shi.

Maharbin talotalo ba ya yawo. Yakan sami gindin itace ya zauna tun da asuba, ya riƙa kwaikwayon kukan mace da wani ɗan abin busa, har namijin ya taho yana taƙama. Tsuntsu ne mai nauyin kilo 8 zuwa 10, gashinsa kuma mai kauri, saboda haka kai da wuya ake auna, daga nisan da bai wuce mita 35 ko 40 ba. Shi ya sa bindigar da ake ƙera wa wannan aiki take da gajeren bututu, da matsattsen baki wanda ke tattara ƙwayoyin darma wuri ɗaya, tana kuma cin dogon harsashi mai milimita 76 ko 89, mai naushin kafaɗa ƙwarai. Zabon daji kuwa da ƙyar yake kai kilo 1 da rabi. Garke yake tafiya, ya fi son gudu a ƙasa cikin ciyawa, ba ya tashi sai an matsa masa, in ya tashi kuma ba ya jiran kowa. Haka fakara take, ta ma fi shi ƙanƙanta. Wanda ya harbi zabo da bindigar talotalo daga kusa, ko dai ya kuskure shi ɗungum domin ƙwayoyin ba su bazu ba, ko kuwa ya same shi ya ragargaza naman har uwargida ta rasa abin da za ta sa a tukunya.

Ita bindiga mai famfo, wadda masu jin Faransanci ke kira fusil à pompe, ba sabon abu ba ce. John Browning ne ya tsara wa kamfanin Winchester wadda ta yi suna a 1897. Remington 870 ta fito a 1950, an kuma ƙera fiye da miliyan 10 nata, sannan Mossberg 500 ta biyo baya a farkon shekarun 1960. Yadda take aiki ba wuya. A ƙarƙashin bututun akwai wani bututu na biyu da ke riƙe da harsasai 4 ko 5 a jere. In an harba, sai a jawo mariƙin gaba zuwa baya, kwanson ya fita, a sake tura shi gaba, sabon harsashi ya shiga. Hannun mutum ne injinta, don haka ba ta cika damuwa da ƙura ba, kuma tana cin harsashi mai ƙarfi da marar ƙarfi. Wannan shi ne alherinta, ba kuma ƙarami ba ne a ƙasar da hunturu ke cusa ƙura cikin kowane ƙarfe. Aibinta kuwa, tana da nauyi, ta haura kilo 3, tana ƙara in ana tafiya da ita, kuma wanda bai saba ba yakan ja mariƙin rabi cikin gaggawa, harsashi ya maƙale a daidai lokacin da zabi suka tashi. In kuma wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinta, to fa sai a shirya jira, domin kayan gyaranta ba a kasuwar Arzèkè suke ba.

Bindigogin da iyayenmu suka sani daban ne. Akwai adaka, ta maƙera, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Akwai mai baki ɗaya da ake karyawa a tsakiya a sa harsashi guda, irin su Simplex ta kamfanin Manufrance da ke Saint-Étienne a Faransa, da Baikal ta garin Izhevsk a Rasha, waɗanda suka cika ƙasashen da Faransa ta mallaka. Akwai kuma mai baki biyu. Duk wanda ya taɓa riƙe Baikal ya san ba ta da kyan gani, amma ƙarafunan cikinta kaɗan ne, in ta sami matsala maƙerin unguwa na iya duba ta. Mai baki biyu kuma tana da wata fa'ida da samari ba su cika lura da ita ba: galibi baki ɗaya a sake yake domin harbin kusa, ɗayan a matse domin na nesa, wato bindiga biyu ke nan a ƙota ɗaya. Ga wanda zabo da fakara da zomo yake nema, a ganinmu ba a yi wadda ta fi ta ba.

Kusan dukansu masu lamba 12 ne, wato kalibar 12, kuma wannan lamba tana da ma'ana. In aka raba darma mai nauyin laba ɗaya ta Ingila gida 12, aka mulmula kowane kashi, to faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bututun, kimanin milimita 18 da rabi. Saboda haka lamba 20 ta fi lamba 12 ƙanƙanta, ba girma ba. Haka ma lambar ƙwayoyin da ke cikin harsashi, in ta hau sai ƙwayar ta ƙanƙance. Lamba 6, mai faɗin kusan milimita 2.75, ita ce ta fakara da kurciya, harsashi ɗaya na ɗauke da fiye da 200. Lamba 4 ko 5 ta fi dacewa da zabo da dinya. Manyan ƙwayoyin nan da ake kira chevrotines ba na tsuntsu ba ne sam.

A nan ne muke son mai karatu ya natsu. A jikin kowace bindigar kirki an buga tsawon harsashin da za ta iya ci, 70 ko 76. Harsashi mai 76 yana shiga cikin bindiga mai 70 lafiya lau, ta rufe kamar ba komai, domin tsawon da ake nufi shi ne na kwanson bayan ya buɗe. Sai an ja kunama ne bakin kwanson zai rasa wurin buɗewa, ƙarfin albarushi ya taru fiye da kima. Bindigar kamfani takan jure sau da yawa kafin ta gaji. Ta maƙera, wadda aka yi bututunta da ƙarfen da ba wanda ya gwada ƙarfinsa, tana iya fashewa tun a karon farko, kuma hannun hagu da ido su ne a kusa. Ba mu raina maƙeranmu ba, sana'arsu ta girmi zuwan Bature, amma albarushin zamani ba irin wanda adaka ta saba da shi ba ne. Kazalika, kada a haɗa harsashin lamba 20 da na 12 a aljihu ɗaya. Ƙaramin yakan zurma cikin bututu ya ɓace, mutum ya zaci bai ɗura ba ya ƙara babba a bayansa.

Sai kuma irin farautar da ake yi a nan. Kowa a Parakou ya san farautar gayya ta rani, wadda ake kira chasse à la battue, inda samari ke cika manyan motoci da kulake da karnuka, su nufi daji tun da safe su dawo da yamma suna kirari. Al'ada ce mai tsohon tarihi, amma wuri ne da mutane masu yawa ke kutsawa cikin ciyawa ba mai ganin wani. Ƙwayar darma lamba 6, wadda ba ta kashe zabo bayan mita 40, tana iya tafiya mita 200 ta tsiyaye wa mutum ido. Mai baki ɗaya ko biyu, in aka karya ta aka rataya a hannu, kowa na gani daga nesa ya san ba za ta tashi ba. Mai famfo kuwa ba mai iya sanin abin da ke cikinta sai mai ita, shi ma wani lokaci yakan manta da na ƙarshe. Ba banza ba ne a Amurka, inda aka ƙirƙiro ta, doka ta hana mai farautar agwagin ruwa ɗura fiye da harsashi 3 tun 1935, Faransa kuma ta tsananta sharuɗɗan mallakarta tun cikin shekarun 1990.

Mu ma nan akwai doka, kuma takarda biyu ce, ba ɗaya ba. Izinin mallakar bindiga yana ƙarƙashin doka mai lamba 2019-07 ta shekarar 2019, wadda ta tsara al'amarin makamai da harsasai a Jamhuriyar Benin. Izinin farauta kuwa na ma'aikatan gandun daji ne, wato Eaux et Forêts, bisa doka mai lamba 2002-16 da aka sa wa hannu a watan Oktoba na 2004. Mai neman zabi da fakara ƙaramin izini yake bukata, wanda ake kira petite chasse. Farauta tana da lokacin buɗewa da rufewa, an hana ta da dare da fitila, an hana sa wa daji wuta ko guba, kuma dazuzzukan hukuma irin su Wari-Maro da Ouémé Supérieur, wanda ke tsakanin Parakou da Djougou, ba a shigarsu da bindiga don kawai an ga dama. Daɗin daɗawa, zamani ya canza. Tun da aka sace Faransawa biyu a gandun Pendjari aka kashe ɗan rakiyarsu a watan Mayu na 2019, aka kuma yi ta kai wa sojoji hari a yankin gandun W a shekarun da suka biyo baya, jami'an tsaro ba sa kallon mai bindiga a dajin arewa da idon da. Bindigar da aka tsallako da ita ta iyakar Nijeriya ba takarda, ko da an same ta da araha, kurkuku ce mutum ya saya da kuɗinsa, mai famfo kuwa ta fi kowace jawo tambaya a shingen hanya.

Akwai wani ɓangare na labarin talotalo da hotunan waya ba sa nunawa. A farkon ƙarni na 20 an kusa ƙarar da shi a Amurka saboda yawan harbi da sare daji. A 1937 aka kafa dokar da ta ware harajin bindigogi da harsasai domin raya namun daji, aka ƙayyade lokaci da adadin da mutum zai kashe, aka riƙa kama tsuntsayen ana kai su inda suka ƙare, har suka kai wajen miliyan 7 a farkon shekarun 2000. A jihohi da yawa, ɗaya ko biyu kacal maharbi ke da izinin ɗauka a kakar farauta. Mu kuwa zabinmu da damina suke ƙwai, gonakin auduga da na kaju sun cinye dajin da suke kwana, duk dattijon da aka tambaya zai ce a da ba a tafiya mai nisa haka kafin a ji kukansu. Bindigar da ke zubar da 5 daga garke ɗaya cikin ƙiftawar ido ba taimakon jikokinmu take yi ba.

Game da halaccin naman, malamanmu na mazhabar Malikiyya na baya-bayan nan sun tafi a kan cewa abin da aka harba da bindiga ya halatta, matuƙar an ambaci sunan Allah yayin harbin kuma darmar ta huda ta zubar da jini. In an iske shi da sauran rai, wajibi ne a yanka. Don haka wuƙa mai kaifi tana cikin kayan maharbi. Ɓeraye kuwa a bar su inda suke, domin ba mu manta da zazzaɓin Lassa da ya yi ɓarna a yankin Tchaourou a 2016 ba.

To, wanda ya sami takardunsa, ya kuma ƙudura sai mai famfo, ga abin da za mu ce masa. Ya nemi mai lamba 12, mai dogon bututu kimanin santimita 70, mai matsakaicin baki, ko wadda ake sauya wa baki. Ya bar gajerar nan ta masu gadi, ba ta farauta ba ce. Ya ɗora ta a kafaɗa ido a rufe, ya buɗe ido, in bai ga yana kallon saman bututun a miƙe ba, ƙotar ba tasa ba ce. In ta hannu ce, ya leƙa cikin bututun a hasken rana ya duba tsatsa da kumburi, ya tabbata lambar jikinta ba a kankare ba kuma ta yi daidai da ta takarda. Daga nan ya sami babban kwali, ya zana da'ira mai faɗin santimita 75, ya kafa shi a gaban tudu inda ba hanya ba gona, ya ja baya taku 35 ya harba. Idan ya ga gibin da zabo zai iya bi ta ciki ba tare da ƙwaya 3 ko 4 sun taɓa shi ba, sai ya sauya harsashi ko ya rage nisa, ya sake kafa wani kwalin.