'Yan Uku, Farashi Biyu

Ga kacici-kacici, mai karatu, kada kuma ka yi gaggawar amsawa. 'Yan uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kamanninsu ɗaya, takardar umarni ɗaya aka rubuta musu. Idan ka tambaye su kuɗin kai kaya gida, biyu za su ce naira 500, na ukun ya ce 700. Babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da ya gani a rubuce ya karanto maka. To, ina takarda ɗaya ta samo farashi biyu?

'Yan ukun nan kwafi uku ne na manhaja ɗaya, suna aiki a cikin Kubernetes, tsarin da Google ya fitar a 2014 don kula da ɗimbin kwantenoni a kan tarin kwamfutoci. Kwantena ƙunshi ce da aka zuba manhaja da duk kayan aikinta aka rufe. Kubernetes yana sa ta cikin wani kwanso da ake kira Pod, ya ajiye ta a kwamfutar da ke da wuri. Abubuwan da ke yawan canzawa, irin su farashi da adireshin rumbun bayanai, ba a cusa su cikin ƙunshin. Ana ajiye su daban a wata takardar saiti mai suna ConfigMap, wadda ta shigo tsarin a siga ta 1.2 a 2016. Dabarar ita ce a iya canza lamba ɗaya ba tare da an sake gina manhajar ba.

Mu ɗauka wani shagon intanet ne. Da safe injiniya ya buɗe takardar saiti ya mayar da kuɗin kai kaya daga 500 zuwa 700, komai ya wuce lafiya, ya koma kan shayinsa. Bayan azahar ƙorafi ya fara shigowa. Wani mai saye ya ga 500 a shafin kaya, da ya zo biya ya ga 700. Wata ta ga 700, ta sabunta shafin ta ga 500, ta yi murna ta biya. Mai shago ya aiko da tambaya guda: wanne ne farashinmu?

Wanda ake fara zargi a irin wannan shari'a kullum shi ne wayar mai saye. Burauza tana da halin ajiye tsohon shafi don ta rage cin data, kuma ta sha jawo irin wannan rikici. Biri ya yi kama da mutum. Sai dai gwada ta ba wuya: a ajiye waya gefe, a aika tambayar kai tsaye daga cikin rukunin kwamfutocin, inda babu burauza ko ɗaya. Aka aika, aka sake aikawa, aka yi ta aikawa. Amsa na dawowa a cakuɗe, galibi 500, jefi-jefi 700, kusan sau ɗaya cikin uku. Waya ta kuɓuta. Amma ka riƙe wannan ɗaya cikin ukun, za mu neme shi an jima.

Na biyu a layi shi ne ƙunshin manhajar kansa. Ko ɗaya daga cikin kwafin yana gudana da wata siga dabam? Yakan faru, musamman a wurin masu ɗabi'ar laƙaba wa kowane sabon gini suna ɗaya, har a rasa wanne ne wanne. Amma kowane ƙunshi yana da doguwar lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, ko harafi ɗaya aka canza sai ta canza. Aka jera lambobin ukun. Ɗaya suke, daga harafin farko har na ƙarshe.

Daga nan ido ya koma kan mutane, kuma a nan ne ofis ke ɗaukar zafi. Wa ya shiga da hannu ya taɓa takardar? A yawancin wuraren da suka san abin da suke yi, ba a gyara saiti kai tsaye. Ana rubuta shi a ma'ajiyar Git, sai wata manhaja irin Argo CD ko Flux ta ɗauko ta zuba a rukunin, ta kuma ci gaba da kwatanta ɓangarorin biyu. Salon nan ne Alexis Richardson na kamfanin Weaveworks ya raɗa wa suna GitOps a 2017. Aka duba Git: 700. Aka tambayi Kubernetes abin da ke cikin ConfigMap: 700. Aka buɗe allon Argo CD, kore shar, wai komai daidai. Ni kuwa na daɗe ba na sakin jiki da wannan koren. Abin da yake shaidawa kawai shi ne rubutun Git ya yi daidai da rubutun da Kubernetes ya adana. Bai taɓa leƙa cikin kwantena ya ga abin da manhaja ke karantawa ba. Babu dai wanda ya taɓa komai. To 500 ɗin daga ina take fitowa?

Wani dattijon injiniya zai ce a yi haƙuri, jinkiri ne. Yana da hujja. A kowace kwamfuta ta rukunin akwai wani ɗan aike mai suna kubelet, shi ke kai saƙon canji cikin kwanso, kuma ba nan take yake kaiwa ba. Zagaye yake yi, a saitin asali kusan kowane minti ɗaya, ga kuma ɗan jinkirin da saƙon ke yi kafin ya iso gare shi. Minti ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Amma tun safe aka yi canjin, ga shi har an kira la'asar.

Saura babban wanda ake zargi, wanda duk mai aiki da Kubernetes ya san tarihinsa. Hanya biyu ce fitacciya ta miƙa wa kwantena saiti. Ko a raɗa mata shi a kunne lokacin da take tashi, a matsayin bayanan muhalli, ko a ajiye mata shi a matsayin fayil. Hanyar farko sau ɗaya ake faɗa. Ko an canza takardar sau ɗari, kwantenar na nan kan abin da ta ji ranar farko, kuma bayanan Kubernetes sun faɗi haka ɓaro-ɓaro. Da na zo nan na ɗauka shari'a ta ƙare. Aka buɗe takardar da ke bayyana yadda za a tayar da manhajar. Babu bayanan muhalli ko ɗaya da suka shafi farashi. Fayil ne. Manhajar kuma tana sake karanta fayil ɗin duk lokacin da aka tambaye ta farashi.

An kama biyar, an saki biyar. Ɓarawo yana cikin gida.

Sai a shiga gidan. Aka shiga kwanso na farko aka buɗe fayil ɗin farashi: 500. Na biyu: 500. Na uku: 700. Ga ɗaya cikin ukunmu ya fito. Me ya bambanta na ukun da 'yan'uwansa? Aka duba shekarunsu. Biyun sun kwana tara suna aiki. Na ukun sa'o'i uku kacal. Da ciniki ya yi yawa da rana, na'urar da ke ƙara kwafi idan aiki ya yi nauyi ce ta haife shi. Bayan canjin aka haife shi.

Ashe saƙon bai taɓa isa wurin tsofaffin ba. Sabon ma ba kai masa aka yi ba, da shi ya tashi.

Sai ga wani abin da ya ƙara dagula lissafi. A cikin tsofaffin kwanson nan biyu akwai wani fayil ɗin saiti, na yawan bayanan da manhaja ke rubutawa game da aikinta. Shi kuma jiya aka canza shi. Ya sabunta. A dukkan ukun. Ɗan aike ɗaya, kwanso ɗaya. Wannan saƙo ya shiga, wancan ya maƙale.

Aka jera abin da ke cikin foldar fayil ɗin da ya sabunta, har da ɓoyayyun abubuwa. Ga wata folda mai suna da ɗigo biyu da kwanan wata. Ga wani abu mai suna ..data. Aka koma wurin fayil ɗin farashi. Babu su. Fayil ne tilo, zaune a tsakiyar fayilolin manhaja. Aka koma takardar tayar da manhaja, aka bi ta layi-layi. A ƙarƙashin inda aka ce a ajiye fayil ɗin farashi akwai kalma ɗaya da babu ita a ɗayan.

subPath.

Yanzu mu zauna, don a nan daɗin labarin yake. Idan kubelet zai ajiye ConfigMap a matsayin fayiloli, ba ya rubuta su a inda kake ganinsu. Yana buɗe ɓoyayyiyar folda mai kwanan wata da lokaci a sunanta, ya zuba ainihin fayilolin a can. Sai ya kafa wata kibiya, ..data, mai nuni zuwa wannan foldar. Fayil ɗin da manhaja ke gani shi ma kibiya ce, mai nuni zuwa ..data. Duk sanda manhaja ta buɗe fayil, tana bin kibiya ta farko zuwa ta biyu, ta biyu ta kai ta ga abin da ake nema.

Idan saiti ya canza, kubelet ba ya goge rubutu ya sake wani a kansa. Sabuwar folda yake buɗewa, ya cika ta tsaf, sannan ya juya ..data ta fuskance ta a motsi guda, ya share tsohuwar. Dalili kuwa mai kyau ne. Da a kan tsohon fayil yake rubutu, da manhaja za ta iya buɗe shi a tsakiyar aikin ta karanto rabi sabo rabi tsoho, ko ta sami fayil uku sun canza biyu ba su canza ba. Da juya kibiya ɗaya, ko dai ka ga tsohon saiti cikakke ko ka ga sabo cikakke. Aiki ne na gwani, kuma duk ya dogara ga sharaɗi ɗaya: mai karatu ya riƙa bi ta kibiyar.

subPath kuwa tsallake kibiyar yake yi. Lokacin da kwantena ke tashi, kubelet yana bin kibiyoyin sau ɗaya har ya isa ainihin fayil ɗin, sai ya ɗaure wannan fayil ɗin kai tsaye a wurin da aka nema. Daga ranar kwantenar ba ta da hulɗa da ..data. A juya ta gabas ko yamma, ba ruwanta. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne tsohuwar foldar an riga an share ta tun safe. Amma a Linux, share suna ba ya kashe abin da ke cikin fayil muddin akwai mai riƙe da shi. Kwanso biyu sun wuni suna sayar da kaya da farashin da ke cikin fayil ɗin da ba shi da ko suna a kan kwamfutar.

Me ya sa mutum zai sa subPath tun farko? Ba wauta ba ce. Idan ka ɗora ConfigMap a kan folda gaba ɗaya, yana rufe duk abin da ke cikinta. Mai son saka fayil ɗaya a cikin foldar saitin manhajar nginx, misali, zai tarar sauran fayilolin sun ɓace daga gani. subPath yana ba shi damar sanya fayil ɗaya tak ya bar sauran. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kubernetes bai ɓoye wannan ba, gargaɗin yana cikin bayanansa a jimla guda, irin wadda ido ke tsallakewa.

Akwai abokin laifi kuma. Kubernetes yana sauya kwanson wata manhaja ne kawai idan samfurin kwanson ya canza. Gyara abin da ke cikin ConfigMap bai taɓa samfurin ba, sunan takardar kawai samfurin ya sani, sunan kuwa na nan yadda yake.

Maganin gaggawa shi ne umarnin kubectl rollout restart, wanda ya zo a siga ta 1.15, ya sauya kwanson ɗaya bayan ɗaya. Amma duk maganin da ke jiran mutum ya tuna, wata rana zai manta. Masu amfani da manhajar Helm suna lissafa lambar shaidar takardar saiti su liƙa ta a jikin samfurin, saiti na canzawa samfurin ya canza. Akwai Reloader na kamfanin Stakater, wanda ke zaune yana gadi, da ya ga canji ya tayar da manhajojin da abin ya shafa. Ni dai na fi son hanyar Kustomize, wanda ke cikin kubectl tun siga ta 1.14. Shi yana maƙala lambar shaidar a ƙarshen sunan ConfigMap ɗin, ya gyara sunan a duk inda aka ambace shi. Sabon saiti, sabon suna, sabbin kwanso. Idan saitin ya zo da kuskuren da zai hana manhaja tashi, kuma an sa gwajin lafiya, sauyin zai tsaya tun a farko, tsofaffin su ci gaba da aiki. Sabuntawar nan ta kibiya da muka yaba ba ta da wannan birki, cikin minti ɗaya ko biyu kuskure zai game kowa. A siga ta 1.21 a 2021 ma aka tabbatar da damar kulle ConfigMap yadda ba mai iya gyara shi, sai dai a yi sabo. Kuɗin wannan hanya shi ne tsofaffin takardu za su taru, sai an sa mai share su.

Idan kana kula da irin wannan rukuni, buɗe ma'ajiyarka yau ka nemi kalmar subPath. Duk inda ka same ta a kan ConfigMap ko takwararta ta bayanan sirri, Secret, shiga kwanson da ya fi daɗewa ka karanta fayil ɗin da idonka, sannan ka kwatanta shi da abin da ke Git.