Tsaron Wi-Fi: Zaɓin Tsarin Tantancewa da Ɓoye Bayanai

Shirin na yau ya shafi na'urar rarraba intanet ba tare da waya ba, wadda ake kira rauta, da kuma 'yar ƙanwarta ta aljihu, MiFi. Saƙon waɗannan na'urori yana tafiya ne ta iska kamar na rediyo, ba ya tsayawa a katangar gida ko ta shago, don haka duk wanda ke kusa yana iya kama shi. Kariyarsa ta rataya a kan abubuwa biyu: tantancewa, wato tabbatar da cewa mai neman shiga yana da izini, da ɓoye bayanai, wato sarrafa saƙo da lissafi ta yadda babu mai iya karanta shi sai mai riƙe da mabuɗinsa.

Tsarin farko, WEP, ya fito a 1997, amma a 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka bayyana raunin da ke cikin hanyar da yake haɗa mabuɗinsa, kuma a yau ana karya shi cikin 'yan mintuna. WPA, wanda ya biyo baya a 2003 da hanyar ɓoyewa mai suna TKIP, gyaran wucin gadi ne kawai. Dukansu biyu ba su cancanci a zaɓe su ba, ko da sun bayyana a jerin da na'ura ta bayar.

A 2004 ne aka samu WPA2, wanda ke aiki da AES, hanyar ɓoyewa mai ƙarfin gaske. Sai dai rauninsa yana wani wuri daban. Duk lokacin da waya ko kwamfuta za ta haɗu da rauta, sukan yi musayar saƙonni huɗu da masana ke kira musafaha, kuma mai mugun nufi yana iya naɗar wannan musaya, ya tafi da ita gida, ya sa kwamfuta ta riƙa gwada miliyoyin kalmomi ba tare da mai rautar ya sani ba. Wannan ne ya sa kalmar sirri ta zama gaɓa mafi muhimmanci a lamarin baki ɗaya. Tsarin ya yarda da haruffa 8 zuwa 63, amma abin takaici, da yawa sukan tsaya a kan 8, ko su sa lambar wayarsu, alhali lambar waya a Nijeriya alƙaluma 11 ce da ke farawa da sanannun lambobi irin su 080 ko 070, abin da ke rage wa mai gwaji wahala matuƙa. Kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna sun fi wannan tsaro nesa ba kusa ba, kuma ba su da wuyar tunawa.

WPA3, wanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta gabatar a 2018, ya toshe wannan kafa ta gwada kalmomi a ɓoye da hanyar tantancewa mai suna SAE, inda kowane gwaji ɗaya sai an tuntuɓi rautar kai tsaye, sannan ko kalmar sirri ta tonu daga baya, ba za a iya warware saƙonnin da aka naɗa tun farko ba. Idan akwai tsofaffin wayoyi a gida, ana iya zaɓar gaurayen WPA2 da WPA3, ko da yake kariyarsa ba ta kai ta WPA3 zalla ba. Makarantu da manyan ofisoshi kuwa, tsarin 802.1X ya fi dacewa da su, domin kowane mutum yana da nasa suna da kalmar sirri, idan ma'aikaci ya bar aiki sai a soke nasa kaɗai.

Akwai kuma WPS, hanyar sauƙaƙa haɗi da lamba mai alƙaluma 8, wadda Stefan Viehböck ya nuna a 2011 cewa ana iya gano ta da gwaji kusan 11,000 kacal. Ɓoye sunan Wi-Fi ba ya hana ƙwararre ganinsa, don haka bai kamata a dogara da shi ba.

Ana kira ga masu sauraro da su buɗe saitin na'urarsu tun yau, su zaɓi WPA3 ko WPA2 mai AES, su kashe WPS, su kuma canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani.