Juma'ar Kano a Wurin Waɗanda Ba Su Gida

Al'adar Bahaushe ce tun zamanin da ba a rataya kalanda a bango, in zai ƙididdige shekarun wani abu, sai ya jingina shi ga wata babbar waƙi'a wadda kowa ya shaida, ya ce an haifi wane shekarar yunwar Kakalaba, ko kuwa an kai wance ɗakin miji damina biyu bayan zuwan fara. Wannan al'ada ba ta gushe ba, ko da yake yau kowane yaro yana ɗauke da kwanan wata a aljihunsa. Domin duk wanda ya zauna da mutanenmu na ƙasar Kankiya da Kusada, waɗanda neman abinci ko neman ilmi ya kai su Jidda, ko Kumasi, ko Hartum, ko Landan, lalle zai lura cewa akwai wata Juma'a guda da suke auna zamansu na baƙunci da ita, har ka ji mutum ya ce ya sauka garin kafin ta, ko kuwa ya kawo iyalinsa bayanta, ba tare da ya bukaci ya bayyana wace Juma'a yake nufi ba.

Ita ce Juma'ar 28 ga Nuwamba, 2014, wadda ta yi daidai da farkon watan Safar na Hijira 1436. Da misalin ƙarfe biyu na rana, bayan jama'a sun cika Babban Masallacin Kano da ke jikin Gidan Rumfa har sun malala a filin da ke kewaye da shi, ana haramar sallah, sai bama-bamai suka tashi, 'yan bindiga kuma suka buɗe wuta a kan masu gudun tsira. Mutanen da suka riga mu gidan gaskiya sun haura ɗari, waɗanda suka jikkata kuwa sun fi haka, har aka shiga roƙon jama'a su je Asibitin Murtala su ba da jini. An ɗora alhakin wannan ta'asa a kan ƙungiyar da ake kira Boko Haram, musamman da yake ba a daɗe ba da Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi na Biyu, ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu. Shi kansa Sarkin yana ƙasar Saudiyya labarin ya iske shi, sai washegari ya komo ya shiga masallacin. Ke nan ko shi ma, a wannan yini, ɗaya ne daga cikin waɗanda suka ji daga nesa.

Mai tambaya na iya cewa, ina ruwan Kankiya da Kusada da abin da ya auku a wata jiha? Amsa ita ce, iyakar da aka shata tsakanin jihohi ba ta taɓa raba waɗannan garuruwa da Kano ba. Hanyar da ta fito daga Katsina ta ratsa Charanci da Kankiya, ta bi ta Gidan Mutum Ɗaya da Yashe, ta faɗa Tsanyawa da Bichi, ita ce hanyar ɗan kasuwa mai sarin yadi a Kantin Kwari, da almajirin da aka kai gaban malami a cikin birni, da majinyacin da aka tura babban asibiti. Ga shi kuma ƙarshen Nuwamba lokaci ne da aka gama kawar da amfanin gona, hunturu ya kankama, samarin Rimaye da Kafin Soli da Mawashi da Kaikai sun ɗaure 'yan komatsansu sun tafi cin rani; baƙo kuwa in ya shiga Kano, ba abin da yake sha'awa irin a ce ya yi Juma'a a Masallacin Sarki. Saboda haka da wuya a sami gidan da a wannan rana ba shi da wanda zai nema.

Sa'ar da abin ya faru guda ce, amma kowa da yadda ta same shi. A Makka da Madina ƙarfe huɗu ne, an idar da La'asar. A zangon Kumasi da unguwar Nima ta Ankara ƙarfe ɗaya ne, mutane na cikin sahu ko suna hanyar masallaci, sai da suka sallame suka kunna waya suka tarar da kira a jere. A gabashin Amurka hantsi bai daɗe da fitowa ba, a Gwanzu ta ƙasar Sin kuwa 'yan kasuwa sun rufe lissafin yini suna shirin kwanciya. Wani tela ɗan ƙasar Kankiya, wanda ya daɗe yana ɗinki a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin bene a Jidda, in yana ba da labarin, ba ya farawa da Kano ko kaɗan. Sai ya fara da cewa yana kafa hannun wata baƙar abaya, zaren ƙasa ya ƙare, ya sunkuya zai sauya, sai maƙwabcinsa Bazabarme ya leƙo ya ce masa ya kira gida. Ƙanensa na ɗaukar kaya a Kwari, kuma ba ya wuce Juma'ar Masallacin Sarki. Ya kira, wayar ta shiga ba a ɗauka ba. Ya sake kira, aka ce a kashe take. Da abin ya ishe shi sai ya kira mahaifiyarsu a ƙauye, alhali bai san abin da zai ce mata ba.

"Inna, ina wuni? Ya sanyi? Auta ya kira ki yau kuwa?"

"Bai kira ba. Lafiya dai ko, ɗan nan? Na ji muryarka wani iri."

"Lafiya lau, Inna, wani saƙo ne zan ba shi."

Sai bayan Isha'i yaron ya kira da wayar wani, ya ce ya tsira, illa dai takalmansa da wayarsa sun salwanta cikin turmutsutsu. Amma har yau telan yana iya faɗa maka launin kofin shayin da ke kan kekensa, da inda almakashi yake ajiye.

A nan ne nake ganin karin maganar nan da ke cewa gani ya kori ji tana bukatar ƙaidi. Wanda ke harabar masallacin ya gani, ganin kuwa ya yi masa yawa, har sau da yawa ba ya son a tuna masa. Na nesa shi kuwa ba shi da mushahada, riwaya kawai gare shi, wane ya ji daga wane, isnadin kuma duk a tsinke, wannan ya ce hamsin, wancan ya ce ɗari uku, ga hotuna suna yawo a Facebook da WhatsApp waɗanda bai kamata idon mai imani ya kalla ba, sai dai a jira shirin dare na BBC ko Muryar Amurka a sami abin kamawa. Da yake zuciya ba ta sami wurin da abin ya faru ta riƙe ba, sai ta riƙe wurin da mai ita yake tsaye. Halinsa ya zama kamar na wanda gidansu ke cin wuta, shi kuwa yana tsallaken kogi ba jirgin fito. Wani abin mamaki kuma shi ne, sau da yawa na ƙetare ya riga na ƙauye jin labari, domin shi yana da intanet a hannu, tsohuwa kuwa tana bakin murhu. Ta haka nauyin faɗa ko ɓoyewa ya faɗo a kan wanda ya fi kowa nisa.

Ba wannan ce Juma'a ta farko ba. Ranar 20 ga Janairu, 2012, da yamma, an kai hari a ofisoshin 'yan sanda da na jami'an tsaro a wurare da dama cikin Kano lokaci guda, aka rasa rayuka aƙalla 185, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. Cikin wuraren da aka taɓa har da ofishin fasfo na Farm Centre, inda da yawa daga cikin matafiyan nan suka taɓa bin layi kafin su bar ƙasa. Bayan shekara guda, da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, gwamnati ta hana acaɓa a birnin, samarin karkara masu yawa suka rasa sana'a, waɗansunsu suka fuskanci Agadas da abin da ke bayanta.

Sa'an nan ga mas'alolin shari'a da nisa ya haifar, waɗanda malaman zango suka sha tambaya a kansu. Jana'iza farilla ce ta kifaya, in waɗansu sun yi ta sauka daga kan saura; amma wanda aka binne ɗan'uwansa ba ya nan, wannan hukunci ba ya sanyaya masa rai, sai ya nemi a yi salatul ga'ib. A mazhabar Imamu Malik, wadda muka tashi a kanta, ba a sallatar gawar da ba ta gaban mutane, malamanmu suna ɗaukar sallar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Najashi Sarkin Habasha a matsayin abin da ya keɓanta da shi. Shafi'awa da Hambalawa kuwa sun halatta, Ibnu Taimiyya ya tsaya tsakiya, ya ce a yi wa wanda ba a sallata ba a inda ya rasu. Ɗalibin da ya yi karatu a Madina da dattijon da ya yi Risala da Askari a zaure sukan yi saɓani a kan wannan, kowa da hujjarsa, a ƙarshe dai a taru a yi addu'a a yi karo-karo a aika gida. Haka nan matar da rasuwar mijinta ta iske ta a makare, jumhurun malamai sun tafi a kan cewa takabarta ta wata huɗu da kwana goma daga ranar rasuwa take farawa, ba daga ranar jin labari ba. Mafi tsanani duka shi ne sha'anin wanda ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji ɗuriyarsa ba, wanda littattafan fiƙihu suka keɓe wa babi guda, matarsa ba ta zama mai takaba ba, ba ta kuma zama mai miji a gida ba, sai alƙali ya yanke mata wa'adi.

Akwai kuma wani ɗaci da mazauna gida ba su cika ɗanɗanawa ba, wato tambayar baƙi. Balarabe mai gidan haya, ko Bature abokin aiki, ko Ba'ashante maƙwabci, zai yi maka jaje da kyakkyawar niyya, sa'an nan ya tambaye ka su wane ne suka yi, daga wace ƙasa suka zo. Dole ka amsa cewa 'yan ƙasarku ne, suna kuma da'awar addinin da waɗanda suka kashe suka taru domin sa. Da abokin gaba daga waje ya zo, da bayanin ya yi sauƙi.

Amurkawa ma sun taɓa ganin irin wannan, ranar 19 ga Afrilu, 1995, sa'ad da wani tsohon sojansu, Timothy McVeigh, ya tarwatsa ginin gwamnati a birnin Oklahoma. Da fari zato ya tafi kan Musulmi, daga baya aka gane ɗan gida ne. Sun ƙidaya matattunsu 168, suka jera kujeru 168 a filin, kowace da sunan mai ita. Ba ina cewa mu jera kujeru ba, wannan ba ɗabi'armu ba ce. Amma rubuta sunayen mamata da ranakun wafatinsu tsohon aikin malaman Musulunci ne, tun kafin Ibnu Hallikan ya tara nasa littafin a ƙarni na bakwai na Hijira, mu kuwa in ana zancen Juma'ar Kano sai mu ce fiye da ɗari, mu wuce. Dagatai da masu unguwanni da limaman ƙasar Kankiya da Kusada sun san kowane gida, sun san wanda ya tafi cin rani a wannan shekara da yadda ya komo, ko yadda bai komo ba. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke Jidda da Kumasi kuwa, waɗanda ke tara kuɗin gyaran rijiya da rufin masallaci, ba za su kasa sayen littafi da biyan marubuci ba, a bi gunduma-gunduma tun dattawan da suka karɓi gaisuwa a ƙofar gidajensu suna da rai.