HAYAR KWAMFUTA DAGA NESA: INA KUƊIN KE TAFIYA?

Masu karatu sun sha jin labarin wata hanya da kamfanoni ke bi yanzu, wadda Turawa ke yi wa laƙabi da gajimare. Sunan ne kurum ya ke sama, abin kuwa a ƙasa ya ke. Waɗansu manyan ɗakuna ne cike da kwamfutoci, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google. Ɗan kasuwa ya kan yi hayar wani yanki daga cikinsu, ya ajiye takardunsa da lissafinsa, ya yi aiki da su ta intanet. Amazon ya buɗe wannan ciniki a 2006.

Abin da ya ja hankalin jama'a shi ne sauƙin shiga. Ba ka sayen na'ura, ba ka gina mata ɗaki, ba ka neman mai gadi ko injin ba da wuta. Abin da ka yi amfani da shi, shi za ka biya, kamar ruwan famfo mai mita. To, amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san kuɗin da ke fita kaɗan-kaɗan ya fi wuyar tsarewa bisa ga wanda a ke ƙirgawa a biya gaba ɗaya. Saboda haka muka ga ya kamata mu bi takardar biyan nan layi-layi.

Na farko kuɗin aiki ne, watau lokacin da na'urar da ka yi haya ta ke kunne. Da awa a ke lissafi, wani lokaci ma da daƙiƙa. Mako yana da awa 168, ofis kuwa awa 40 ya kan yi aiki. In akawu ya tashi ran Jumma'a bai kashe ta ba, mita ba ta san an tashi ba, sai a biya kuɗin awa 168 domin aikin awa 40.

Na biyu kuɗin ajiya. Sa'ad da Amazon ya fara, senti 15 na dala ya ke karɓa a wata kan kowace gigabait. A 2024 farashin a gabashin Amurka bai kai senti biyu da rabi ba. Lalle ya yi araha, sai dai kayan ajiya ba su raguwa. Tsofaffin takardu da hotuna da kwafen da aka manta da su duk suna nan, kowane wata ana biya musu kuɗin ɗaki.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki, watau kuɗin fitarwa. Shigar da kaya kyauta ne, fitar da su kuwa wajen senti 9 ne kowace gigabait. Bari mu buga lissafi. Gigabait 1,000 ta kwana wata guda a kan dala 23, amma ranar da ka aika da ita ga masu cinikinka sai ka biya kusan dala 90. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masu son sake gida ƙafa. Bayan Tarayyar Turai ta kafa doka a kan al'amarin, a farkon 2024 Google da Amazon da Microsoft suka yafe kuɗin ga wanda zai kwashe kayansa ya tafi. Fitarwa ta yau da kullum kuwa ba a yafe ta ba.

Akwai na huɗu da ya shafi 'yan kasuwarmu. Da dala a ke yanka farashi. A farkon watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wanda bai ƙara ko gigabait ɗaya ba, sai ga kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku.

Waɗansu da suka buga lissafi sun gwammace su koma gida. Wani kamfani na Amurka mai suna 37signals ya bayyana cewa ya biya dala miliyan 3.2 kuɗin haya a 2022. A 2023 ya sayi na'urorin kansa na wajen dala 600,000, a 2024 hayar ta sauko zuwa dala miliyan 1.3. Dropbox ma ya kwashe yawancin ajiyarsa daga Amazon, ya ce ya tsimi kusan dala miliyan 75 cikin shekara biyu.

Kada wannan ya sa a ce haya asara ce. Netflix ya yi shekara bakwai yana ƙaura zuwa wurin Amazon, ya gama a 2016, domin masu kallonsa suna ƙaruwa da saurin da ba zai iya gina ɗakuna ya cim musu ba. Bambancin a fili ya ke. Wanda aikinsa ya daidaita, ya san na bana ya san na baɗi, saye ya kan fi masa, muddin yana da gwanayen da za su kula da na'urorin, gama albashinsu da wuta da gyara duk suna cikin lissafi. Sabon shiga kuwa, ko wanda cinikinsa ke cika yana janyewa kamar kogi, haya ta fi masa.

Shawararmu ga masu riƙe da lissafi ita ce su riƙa duba takardar biya kowane mako, kada su jira ƙarshen wata. A rubuta sunan sashen da ya kunna kowace na'ura, a sa iyakar da in an kusa kai ta za a sami gargaɗi. In aiki ya tabbata, a ɗauki alkawarin shekara ɗaya ko uku, gama ragin da a ke yi a kansa yana iya wuce rabin farashi. Kafin a sa hannu kuma, a tambayi kuɗin fita kamar yadda aka tambayi kuɗin shiga.